Farar Jallabiya da Baƙar Fuska: Abin da Muke Zaɓa Idan Muna Gyaran Hotunan Kakanninmu

Kusan kowane tsohon hoto da ke gidajenmu, daga Maiwurno zuwa Damazin, daga unguwannin Madani zuwa kanabin da ke bakin magudanan ruwan Jazira, abu biyu ne ke rigima a cikinsa: farin tufafi da baƙar fata. Dattijo ya sha jallabiya sabuwar wanki, ya naɗa imma, ya zauna gaban labulen istudiyo. Ko kuwa tsohuwa ta yafa farin tob, fuskarta kaɗai ta leƙo daga cikinsa. Na'urar ɗaukar hoto ba ta da irin idon da Allah ya ba ɗan Adam, wanda ke duban fari da baƙi a lokaci guda ya ba kowanne haƙƙinsa. Idan mai hoto ya bi ta kan jallabiya, sai fuska ta nutse cikin duhu, ba abin da ke saura sai fararen idanu. Idan ya bi ta kan fuska, sai jallabiya ta ƙone ta zama fili fetal, babu ninki, babu ɗinki, babu aljihu. Masu istudiyo na da sun sha fama da wannan a ɗakin duhu. Yau faman ya dawo hannunmu, mu da ba mu koyi sana'ar ba, tun da kowa yana da waya, kowace waya kuma tana da maɓallin ƙara haske da na ƙara duhu.

Da a ce zaman lafiya ake yi, da wannan magana ta masu nishaɗi ce. Amma dukanmu mun san abin da ya wuce ta kanmu. A watan Yuli na 2022 wuta ta tashi a Damazin da Rusairis da kewayensu, a watan Oktoba ta sake tashi a Wad al-Mahi, aka ƙone gidaje, mutanenmu da yawa suka fita da kayan jikinsu kawai. Ba a gama share hawayen ba yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilu 2023, ya iso Madani a watan Disamba na wannan shekarar, ya iso Sinja a ƙarshen Yuni na 2024. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa kwance firam daga bango. Saboda haka a gidaje da dama hoton asali ya tafi, abin da ya rage shi ne wanda wani jika ya taɓa ɗauka da waya ranar salla, ya tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp. Wannan kwafin, mai ƙyallin gilashi a gefe guda da inuwar hannun mai ɗauka a ɗaya gefen, shi ne yanzu fuskar kaka a wurin duk wanda za a haifa nan gaba. Yadda muka gyara shi, haka za su san shi.

A gidanmu akwai irin wannan hoto guda ɗaya, na kakanmu da ƙaninsa, wanda aka ɗauka a wani istudiyo a Sinnar lokacin da suke shirin tafiya hajji. Takardar ba ta kai faɗin tafin hannu ba. Sau uku aka gyara shi a waya, hannu uku daban, kuma mutum uku ne suka fito. Na farko ya ja haske sama har kakanmu ya koma wankan tarwaɗa, alhali duk wanda ya san shi ya san baƙi ne wuluk. Na biyu ya matse tazarar da ke tsakanin haske da duhu don hoton ya yi ƙarfi, sai dattijon ya fito da fuska kamar ta mai fushi, kogon idonsa ya zama rami. Na uku ya bar shi da hazonsa. Da aka nuna wa gwaggonmu, wadda ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka zauna da shi, na ukun ta daɗe tana kallo. Na farkon kuwa cewa ta yi wannan wani baƙo ne ya ari rawanin babanta.

Masana hoto suna da hanyar auna wannan matsala, kuma sanin ta yana rage kame-kame. A wajajen 1940 wasu Amurkawa biyu, Ansel Adams da Fred Archer, suka raba dukan abin da hoton baƙi-da-fari ke iya nunawa zuwa matakai goma sha ɗaya, daga sifili, wato baƙi ƙirin da ba a ganin komai a cikinsa, zuwa goma, wato farin takarda tsantsa. Kowane mataki ninki biyu ne na hasken wanda ke ƙasa da shi. Mataki na biyar shi ne toka-toka ta tsakiya, kuma a nan suka ajiye fata mai duhu. Fatar Bature suka sa ta a na shida. Farin abu da har yanzu ake ganin saƙarsa suka sa shi a na takwas. To, a lissafa: daga biyar zuwa takwas ninki takwas ne na haske. Wanda kuwa ya kai kakanmu duhu, musamman in inuwar imma ta faɗo masa a goshi, yana iya sauka mataki na huɗu ko ƙasa, tazarar ta zama ninki goma sha shida ko fiye. Wannan ita ce tafiyar da ke tsakanin kuncin dattijo da kafaɗar jallabiyarsa, a cikin ɗan wurin da bai kai yatsa biyu ba.

A waya ko kwamfuta matakan sun ƙaru, sun zama 256, daga sifili zuwa 255, amma hikimar ba ta sauya ba. Manhajoji irin su Snapseed da Lightroom suna nuna wani ɗan jadawali mai kama da tsaunuka, duhu a hagu, haske a dama. A tsohon hoton da ya koɗe, za ka ga tsaunin ya tattaru a tsakiya, hagu da dama babu kowa, shi ya sa hoton ke kama da wanda aka ɗauka cikin habub. Aikin farko shi ne a jawo iyakar baƙi zuwa inda tsaunin ya fara, a jawo iyakar fari zuwa inda ya ƙare, sannan a tsaya. Wurin tsayawar nan shi ne inda yawancinmu ke zarcewa. Duk abin da aka tura ya kai sifili ko 255 ya mutu, ba ya dawowa. Mu dai ƙa'idarmu ita ce baƙi ƙirin ya tsaya a ƙwayar ido da can cikin ninkin tufafi, fari fat kuma ya tsaya a ɗan ƙyallin da ke cikin ido ko kan gilashin agogo. Jallabiya ta zauna ƙasa da farin takarda kaɗan, yadda za a iya ƙirga ninkinta.

Maɓallin da ke ƙara tazarar haske da duhu gaba ɗaya, wanda kowa ke fara taɓawa, shi ne mafi cutarwa ga hotunanmu. Yadda yake aiki shi ne ya ɗauki tsakiya a matsayin iyaka, abin da ke sama ya ƙara masa haske, abin da ke ƙasa ya ƙara masa duhu. Ga mai farar fata hakan yana haskaka fuska. Ga mu da fuskarmu ke tsakiya ko ƙasa da tsakiya, tura ta yake yi cikin rijiya, ya kuma ƙone rigar da ke jikinmu. Abin da ya fi dacewa shi ne layin nan mai lanƙwasa da ake ja da yatsa: a kafa shi a wurin farin tufafi don kada ya motsa, sannan a ɗaga shi kaɗan a sashen duhu, a ba shi ɗan tsayi a daidai inda fata take. Abin nema a nan shi ne rabuwa tsakanin goshi da kunci, tsakanin karan hanci da gefensa, tsakanin leɓe da gemu. Fuska tana fitowa ne idan matakan da ke cikinta suka rabu da juna, ko da gaba ɗayanta tana cikin duhu.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A ɗakin duhu, mai wanke hoto yakan sa hannunsa ko ɗan kwali a kan waya ya kare fuska daga fitilar na ɗan lokaci don kada ta yi duhu da yawa a takarda, sannan ya ƙara wa jallabiya lokaci don saƙarta ta fito. Takardun wankin ma suna da daraja-daraja, daga mai laushi zuwa mai tsauri. Rashid Mahdi, wanda ya riƙe istudiyo a Atbara, garin jirgin ƙasa, ya rasu a 2008, ya yi suna da irin wannan aikin hannu. Wanda ya duba hotunansa da cibiyar Elnour ta adana zai ga fuska da farin tufafi suna zaune lafiya a takarda guda. Haka Seydou Keïta na Bamako, wanda yawancin aikinsa da hasken rana ya yi shi a tsakar gida. A Amurka kuma akwai Roy DeCarava, baƙar fata ɗan unguwar Harlem, wanda aka sani da wanke hotunansa da duhu sosai, toka-toka mai zurfi a kan toka-toka mai zurfi, har sai mai kallo ya matso ya natsu kafin fuskar ta buɗe masa. Ya ƙi yarda cewa dole ne a haskaka baƙin mutum kafin a gan shi. Muna ganin a wannan ya fi mu gaskiya.

Domin, mu faɗa wa juna, hannun da ke jan haske sama ba koyaushe neman fitowar fuska yake yi ba. Mun taso a ƙasar da launin fata ke da tsani mai suna: asfar, asmar, akhdar, azrak, kuma kowa ya san wanne ake yabo da shi a gidan biki, wanne ake jifa da shi a kasuwa. Mun ga mayukan shafawa da ke cin fatar 'yan matanmu. Tun a zamanin nagatif wasu masu istudiyo kan bi fuskar mutum da fensir a kan fim don ta fito da haske a takarda, saboda abin da mai biya ke so ke nan. Idan muka zo yau muka ƙara wa kaka mataki biyu na haske da sunan gyara, mun shafa masa man da bai taɓa shafawa ba yana raye, kuma ba ya nan balle ya ce a'a.

Sai dai maganar tana da wani gefe da ya kamata a yi masa adalci. Ba kowane duhu da ke cikin tsohon hoto ne duhun mai shi ba. Faranti da fina-finan farko ba sa jin launin ja, shuɗi suka fi ji, daga baya aka samu masu jin kore. Fatar da muke kira baƙa kuwa akwai ja da ruwan ƙasa a cikinta, saboda haka irin waɗannan fina-finai sukan mayar da ita baƙa fiye da yadda take. Faranti mai jin dukan launuka ya shiga kasuwa a Ingila tun 1906, amma tsohon samfurin ya daɗe a hannun masu hoto saboda araha da kuma sauƙin wanke shi a ƙarƙashin jar fitila. Ga kuma masu hoton bakin titi da akwatinsu na katako, waɗanda ke ɗaukar nagatif a kan takarda, su sake ɗaukar nagatif ɗin don hoton ya fito. Aikinsu yakan zo da tsauri, fari fat da baƙi ƙirin, tsakiyar ta yi ƙaranci. Yawancin hotunan fasfo da na takardun shaida da iyayenmu suka bari a ƙasan akwati daga irin wannan hannun suka fito. Ɗaga duhun irin wannan hoto kaɗan mayar da haƙƙi ne. Iyakar ita ce abin da waɗanda suka san mutumin suka shaida. Shi ya sa muke ganin bai kamata a gama gyaran hoton mamaci ba sai an kai wa tsohon da ya san shi, tun tsofaffin suna nan.

Akwai kuma abin da ke rubuce a kan fatar kanta. Kakanninmu da yawa sun zo da tsagar gidajensu a fuska: zube, bille, kalangu, layukan Gobirawa da suka taso daga gefen baki zuwa kunne, dogayen layukan Barebari. Maƙwabtanmu Ja'aliyyin da Shaigiyya su ma suna da nasu shulukh ɗin. An daina yi, kuma ba muna kiran a dawo da shi ba ne. Amma a fuskar wanda aka riga aka yi wa, tsagar nan takarda ce da ke faɗin daga inda aka taso kafin a kama hanyar gabas. A hoton baƙi-da-fari, tsaga ba ta wuce bambancin 'yan matakai kaɗan cikin 256 ɗin nan ba. Ƙara duhu yana haɗiye ta, ƙara haske yana wanke ta, maɓallin sulɓe fata kuwa yana ɗaukarta a matsayin datti ya goge. Sababbin manhajojin da ke aiki da ƙirƙirarriyar basira sun fi kowa ɓarna a nan. Su ba gyara suke yi ba, zana sabuwar fuska suke yi daga dubban fuskokin da aka koya musu. Sukan ba tsohuwa haƙoran da ba nata ba, su sirantar da hanci, su mayar da bille kamar lanƙwasar murmushi. Hoton yakan fito tas, har a yi ta tura shi ana sa albarka, amma matar da ke ciki ba ta taɓa rayuwa ba.

Wani abin da ake yawan zubarwa shi ne bayan hoto. Salon da ake yayi yanzu shi ne a duhunta gefe-gefe don ido ya tafi kan fuska, ko a cire bayan gaba ɗaya a sa baƙi ko furanni. Ga mutanen da ba a taɓa tambayar su yaushe suka zo ba, wannan ado ne kawai. Mu kuwa an tambaye mu, ana kuma tambayarmu. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli na 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'arsa har suka sauka a bakin Nil Azrak, garin da ke ɗauke da sunansa ya kafu kudu da Sinnar. Wasu sun riga su zuwa ta hanyar hajji, wasu sun biyo baya. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, ruwa ya shiga Jazira, hannayen iyayenmu na cikin waɗanda suka tsinci audugar da ta riƙe tattalin arzikin ƙasar nan shekaru da dama. Duk da haka dokar jinsiyya ta 1957 ta ɗora ma'auninta a kan zama a ƙasar tun ƙarshen shekarar 1897, ma'aunin da ya bar mutanen Burmi da 'ya'yansu a waje. An sassauta shekarar daga baya, amma tambayar ba ta bar bakunan mutane ba, kuma a 2022 mun ji ta da babbar murya. Saboda haka gefen magudanar ruwa da ya fito a bayan kaka, da buhun auduga, da katangar masallaci, da angareb ɗin da yake zaune a kai, da hatimin istudiyo a kusurwar takarda mai ɗauke da sunan gari, duk shaidu ne. Galibi suna cikin sashen hoton da ya fi koɗewa ko ya fi duhu, wato su ne farkon tafiya idan aka matse tazarar haske da duhu don fuska ta yi kyau.

Ga wanda Allah ya sa takardar asali ta tsira a hannunsa, rabin gyaran yana cikin yadda zai ɗauke ta. A cire ta daga gilashi in za ta fita ba tare da ta yage ba. In ta manne, a bar ta. A shimfiɗa ta a inuwar rumfa da hantsi, ba a rana ba, ba kuma da fitilar waya ba, a riƙe wayar daidai samanta. A ɗauke ta da launi, ko da hoton baƙi-da-fari ne, domin rawayar da shekaru suka sa mata tana da amfani. Lokacin mayar da hoton baƙi-da-fari, manhaja tana ba da zaɓin wane launi za a fi jingina da shi. Idan tabon shayi ko na ruwan sama ne ya ɓata takardar, jingina da ja ko rawaya yana sa tabon ya dushe. Idan kuwa hoton kansa ne ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, jingina da shuɗi yana dawo da abin da ido ya ɗauka ya ɓace, har ninkin imma ya sake bayyana, sai dai tabon zai ƙara fitowa. Sau da yawa dole a zaɓi ɗaya. Mu mun fi son tabo da cikakkiyar fuska a kan takarda mai tsabta da fuska rabi. A kuma juya takardar a ɗauki bayanta, don nan ake samun kwanan wata da rubutun ajami ko na Larabci da wani ya yi da alƙalaminsa.

Fuskar waya fitila ce, takarda kuwa haske take aro. Hoton da ya yi daidai a waya cikin dare, da hasken allo a sama, yakan fito da duhu idan aka kai shi wurin bugawa, kuma fuska ce ke fara nutsewa. Gara a rage hasken allon zuwa tsakiya kafin a fara gyara, a kuma buga ƙaramin gwaji kafin a biya kuɗin babba. Sannan kowace turawa ta WhatsApp a matsayin hoto tana matse shi, tana zubar da ƙananan bambance-bambancen da ke cikin duhu, inda fuskokinmu suke. A tura shi a matsayin fayil. Wanda aka gyara a ba shi suna daban, wanda ba a taɓa ba a ajiye shi yadda yake, a aika kwafinsa ga ɗan'uwa a Gadarif ko Kassala, da wani a Jidda ko Kano, tare da sunan mai hoton, da sunan mahaifinsa, da garin da aka ɗauka, da shekarar in an san ta.